Sandar Fatsar Malam Issoufou

Yacouba direban tasi ne da ke jiran fasinja a filin jirgin JFK. Mutum ne mai kirki da son iyayensa, sai dai yana da hali guda: ba ya tambaya. A ganinsa duk abin da ya fi girma da tsada shi ya fi kyau, kuma in ya yanke shawara ba mai juya shi.

Mahaifinsa, Malam Issoufou, tsohon masunci ne daga Gaya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, Yacouba ya kawo shi New York magani, ya sauke shi a gidansa da ke unguwar St. George. Ƙafa ta warware, amma hannun dama ya ƙi. Tsohon ya daina zuwa gashin hannu, ya rage magana. Kullum yana bakin taga yana kallon jirgin ruwan da ke kai mutane Manhattan.

"Ruwa yake kewa," in ji Firdaoussi, matar Yacouba. "Ka kai shi fatsa. Amma ka fara tambayarsa irin sandar da zai iya riƙewa."

"Ni zan tambayi Baba abin da zan ba shi? Ai sai dai ya gani kawai."

Yacouba yana da abokin aiki, Yussif, mutumin Kumasi, wanda ke zuwa fatsa a wani tafki cikin yankin Staten Island. Shi ya raka shi shagon kayan fatsa. Yussif ya zaro wata siririyar sanda mai tsawon ƙafa goma sha biyu, ba nauyi, kamar karan dawa.

"Wannan za ka ɗauka. Kifin tafkin nan kirafi ne, faffaɗa kamar karfasa, bai wuce tafin hannu ba. Yana ɓuya ƙarƙashin rassan da suka faɗa ruwa. Da doguwar sanda ba sai an yi jifa ba, miƙawa kawai za a yi a sauke ƙugiya. Kuma bakinsa kamar takarda yake, sanda mai tauri yaga shi take."

Yacouba ya yi dariya. "Mutumin da ya ja giwan ruwa da hannunsa zan ba wa wannan tsinken? Me mutane za su ce?"

"Hannun da ya ja giwan ruwa ba shi ne na yau ba, ɗan'uwa."

Yacouba bai saurara ba. Ya zaɓi wata ƙatuwar sanda ta kamun kifin teku, mai injin naɗe zare kamar dunƙulen hannu.

Ranar Asabar da hantsi suka isa tafkin su uku. Tun daga mota fuskar tsohon ta sake, yana shaƙar ƙamshin ruwa. Yacouba ya kwance sandar ya ɗora masa a hannu cikin alfahari.

Malam Issoufou ya ɗaga ta. Hannun ya fara rawa. Ya cije leɓe ya yi ƙoƙarin jifa, sandar ta kuɓuce ta faɗa cikin laka. Wasu da ke wucewa suka waiwayo. Tsohon ya daɗe yana kallon hannunsa, hawaye na bin gemunsa.

"Mai da ni gida," ya ce a hankali. "Ba St. George ba. Gaya. Na gama."

Tunda Yacouba yake bai taɓa ganin hawayen mahaifinsa ba, ga shi yau shi ya jawo su.

Yussif ya durƙusa gaban tsohon da tasa siririyar sandar. "Baba, ku riƙe min wannan, zan gyara takalmina."

Malam Issoufou ya karɓa don kara kawai. Sai ya ɗan girgiza ta, ya dubi tsawonta. Ya jingina gindinta a cinyarsa, ya miƙa bakinta can wajen wani reshe da ya nutse, ya sauke ƙugiyar ba ko motsin ruwa. Ba a jima ba bakin sandar ya sunkuya. Bai fizga ba. Ya ɗaga a sannu, sai ga kifi mai ɗigo-ɗigon baƙi yana walƙiya a rana.

Ya yi dariya har da tari. Da yatsun hannun nan mai ciwo ya zare ƙugiyar, ya shafa bayan kifin. Yussif ya gaya masa dokar wurin ita ce a mayar da abin da aka kama. Tsohon ya sa shi a ruwa da kansa, yana cewa, "Je ka, ka gaida na ƙasa."

Yacouba ya tsuguna kusa da shi. "Baba, ku yafe min. An gaya min, ban ji ba."

Tsohon ya dafa kansa. "Na san don ni ka yi. Amma uban da kake tunawa ka saya wa, ba wanda ke gabanka ba. Da ka tambaye ni, da na ce maka ko a Gaya da sandar gora na fara."

Ranar Litinin Malam Issoufou ya riga kowa shiri, ya ce a kai shi gashin hannu. Daga can suka wuce shago. Yacouba ya tsaya gefe, tsohon yana ɗaga sanduna ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wadda hannunsa ya yarda da ita.

Darasi: Kyauta ba a girmanta ko tsadarta take ba, a dacewarta da mai karɓa take. Idan za ka taimaki wanda kake ƙauna, ka ajiye tunanin abin da mutane za su ce. Ka dube shi yadda yake a yau, ka tambaye shi, kuma ka saurari wanda ya fi ka sanin abin. Ƙaunar da ba ta tambaya tana iya sa wanda aka so ya yi kuka.