Yatsan da Malam Ƙa'ida Bai Dangwala Ba

Akwai wani mutum da ya yi shekara ashirin da takwas a ofishin fansho na wata babbar ma'aikata, tun yana ƙaramin akawu mai jera fayil har ya zama shugaban ofishin. Gaskiya dai, ba a taɓa kama shi da cin ko sisin kowa ba. Amma Allah ya zuba masa girman kai, irin wanda in ka gaishe shi sai ya duba agogo kafin ya amsa. Duk wanda ya zo masa da roƙo, amsa ɗaya yake samu: "Ƙa'ida ƙa'ida ce." Da haka abokan aiki suka laƙa masa Malam Ƙa'ida, shi kuwa ya ɗauki sunan a matsayin yabo.

Babban abin da yake alfahari da shi wata doka ce da ya rubuta da hannunsa. Kowace shekara, cikin kwana goma sha huɗu, dole kowane ɗan fansho ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa a na'ura, don a tabbatar yana raye. Wanda bai zo ba, kwamfuta da kanta za ta mayar da sunansa cikin jerin matattu, a tsayar da fanshonsa da katin asibitin iyalinsa, sai kwamiti ya zauna, shi ma sau ɗaya a wata uku. Don kada a yi wa kowa alfarma, ya sa aka ɗaure na'urar a jikin tebur da ƙusoshi, ya kuma cire ikon gyara daga hannun kowa, har da shugaban ofis. Wata rana wani tsohon direba ya zo a makare da kwana ɗaya, yana dogara sanda, ya ce jinya ta kwantar da shi. Malam Ƙa'ida bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba, a takarda kai matacce ne. Ka dawo bayan wata uku."

Yana da shekara hamsin da biyu ya ajiye aiki da kansa, ya ce ya gaji da koya wa jahilai aiki. Zaman gida ya zo masa da baƙunta. Ƙarfe shida yake tashi ya goge takalmi, ya sa rigar da aka yi wa guga, sannan ya zauna a falo babu inda za shi. Ya sayi littafi yana rubuta duk abin da aka kashe a gidan, har ashana. Matarsa takan leƙo daga ɗakin ɗinkinta ta ce, "Baban Auta, na sha ruwa kofi biyu, a rubuta."

Ita tela ce, shekara talatin tana kan keke. Idonta na hagu ya mutu tun tana yarinya, ƙyanda ta tafi da shi, da na dama kaɗai ta yi duk ɗinkin da ya taimaka aka yi wa 'ya'ya karatu. A bangon da ke gaban kekenta akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton teku, shekararta ta wuce tuntuni amma ta hana a cire. Ba ta taɓa ganin teku ba, kuma burinta ke nan a duniya. Da aka biya shi kuɗin sallama, sai ya kasa su uku. Kaso mafi tsoka ya kulle a banki na shekara uku, kaso na biyu ya biya tikitin jirgi da masauki a bakin teku na mako biyu, ɗan abin da ya rage ya bari na cefane. Da ta ce a ajiye wani abu a hannu saboda rana, sai ya ce, "Ga fansho duk wata, ga katin asibiti. Wace rana kuma? Ni na tsara wa dubban mutane tsufansu, nawa ne zai gagare ni?"

Saura wata biyu tafiya, lokacin tantancewa ya zo. Ya shirya tsaf ya tafi tsohon ofishinsa. Yana shiga ya tarar da dogayen bencina cike da tsofaffi, wannan na tari, wancan na gyangyaɗi. Masinjan da ya yi shekaru yana ɗaukar masa jaka ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya miƙa masa ɗan kwali mai lamba ɗari da arba'in da bakwai. Malam Ƙa'ida ya dubi kwalin, ya dubi bencin, ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido. Ya cusa kwalin a aljihu ya juya.

Daga cikin mota ya kira sabon shugaban ofishin, wanda shi ya koya masa aiki, ya ce a kawo masa na'urar gida.

"Ranka ya daɗe, ai a ɗaure take," in ji sabon shugaban. "Ka zo da sassafe kafin a cika, minti biyar ne."

"Ni zan yi sammako in bi layi a ofishin da na gina?" Ya kashe waya.

Ya yi lissafinsa: ko an tsayar da fanshon, in kwamiti ya zauna za a biya shi duka a dunƙule. Kuma wa ya isa ya taɓa sunansa? Ya manta ba mutum ke taɓawa ba, kuma ko sau ɗaya katin asibiti bai faɗo masa a rai ba. Da ya dawo gida matar ta tsayar da keke ta ce, "Ka dangwala?"

"Na dangwala," ya ce, ya wuce ɗaki.

Bayan mako biyar, wata safiya tana zura zare a allura, sai ta ce tana ganin wasu baƙaƙen ƙudaje suna yawo, da wani haske yana walƙawa a gefen ido. Ya ce gajiya ce. Washegari suna karyawa ta ajiye kofi a hankali ta ce, "Baban Auta, wa ya saki labule?"

Ya duba taga. Labulen a ɗaure yake, rana ta cika falon.

"Ga shi nan daga sama," ta ce. "Baƙi ne. Ba na ganin saman ƙofa."

A asibitin ido likita ya daɗe yana haska idon, sannan ya ja kujera ya zauna kusa da su. Ya ce akwai wata siririyar fata a can bayan ido wadda ita ke ɗaukar hoton abin da ake gani, ita ce ta fara ɓarewa daga sama. "In aka yi aiki yau ko gobe, kafin ta kai tsakiya, ina sa ran za mu ceci ganin. In ta kai tsakiya, sai dai abin da Allah ya yi. Ta kwanta, kada ta yi motsi mai ƙarfi. Ku je ku biya a sa ta a layin yau."

Malam Ƙa'ida ya je wurin biya ya miƙa kati da isa irin tasa. Ma'aikaciyar ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, sannan ta dube shi da tausayi.

"Allah ya jiƙansa. Kai ɗan'uwansa ne?"

"Ɗan'uwan wa?"

"Mai katin. An rubuta ya rasu, an rufe katin."

Ya ce shi ne mai katin, ga shi tsaye, ga hotonsa. Ta ce ta gani, amma ba ta da ikon buɗewa, sai dai ya biya kuɗi hannu. Ta rubuta masa adadin a takarda. Ya fi abin da ke asusun cefanensa sau takwas.

A nan ne ya kamata ya kira ƙanensa, wani mai sayar da kayan gini da ke da rufin asiri, wanda Malam Ƙa'ida ya daɗe yana rainawa don bai yi karatu ba. Ya ciro wayar har ya nemo lambar, sai ya mayar da ita aljihu. Ya ce wa matarsa kwamfutar asibitin ce ta sami matsala, ya mayar da ita gida ya kwantar, ya bar Auta, 'yarsu ta ƙarshe, a kanta, shi kuwa ya fita da gudu.

A ofishin fansho sabon shugaban ya miƙe tsaye ya tarbe shi, ya saurara, sannan ya juyo masa da fuskar kwamfuta. "Ranka ya daɗe, duba da kanka. Wurin gyaran ma babu shi. Kai ka sa aka cire. Kwamiti sai nan da mako bakwai." A banki aka ce kafin a fasa kullin kuɗinsa sai an yi kwana goma na aiki. A kamfanin tafiye-tafiye aka nuna masa inda ya sa hannu cewa ba a mayar da kuɗin tikiti. Ko'ina ya je, maganarsa ce ake maimaita masa da bakin wani. La'asar ta yi yana zaune a mota, ya rasa inda zai nufa.

Ya dawo ya same ta kwance a rigingine, ba ta ko juya wuya. Ta ce, "Ya sauko kaɗan. Yanzu ba na ganin goshin Auta, sai daga hanci zuwa ƙasa." Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Duk da haka ya ce gobe da safe komai zai daidaita, zai ga babban darakta da kansa.

Washegari ya yi awa biyar a ƙofar darakta, a kan benci, kafin sakatare ya gaya masa mai gidan ya yi tafiya. Da ya koma gida azahar ta wuce. Auta na bakin gado tana kuka ƙasa-ƙasa. Matar ta ce wa yarinyar ta ba su wuri, sannan ta miƙa hannu tana laluben inda yake.

"Shekara talatin ban taɓa jin kwamfuta ta kwana biyu tana matsala a bakinka ba ka ɗaga wa kowa murya ba. Baban Auta, ka dangwala yatsan nan?"

Ya durƙusa a gaban gadon. Ya ce, "Ban dangwala ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Kira ƙanenka. Yanzu, a gabana."

Ko awa ɗaya ba a yi ba ƙanen ya iso, da ƙurar siminti a rigarsa da kuɗin a jaka. Ya ce, "Haba Yaya! Tun jiya da safe? Ni ba ɗan'uwanka ba ne?" Suka ɗauke ta sai asibiti, amma likitan ya riga ya shiga wani dogon aiki, sai washegari da safe aka shiga da ita. A hanyar shiga ɗakin aikin ta riƙe hannun Auta ta ce, "Matso da fuskarki." Yarinyar ta matso har numfashinsu na haɗuwa. Uwar ta ce, "Ba na ganinki."

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa. Da aka cire bandeji bayan kwanaki, tana bambance haske da duhu, tana ganin giftawar mutum kamar inuwa, shi ke nan. Likitan ya ce fatar ta kai tsakiya tun yammacin rana ta biyu. Bai ƙara komai ba, Malam Ƙa'ida ma bai tambaya ba, don ya san bencin da yake zaune a kai a safiyar ranar nan. Aka rufe keken ɗinki da zane. Kalandar tana nan a bango, ba wanda ya iya cire ta.

Da aka ɗage musu ranar tafiya zuwa bayan ta warke, ya ce a bar ta kawai, ba shi da fuskar zuwa. Ita ta ce za a je, tunda an biya, kuma a littafinsa ba a asara. Haka suka tafi, yana riƙe da hannunta a matakalar jirgi yana gaya mata inda za ta sa ƙafa. Da suka isa bakin ruwan ta cire takalmi, igiyar ruwa ta zo ta rufe mata idon sawu ta koma. Ta tsaya tana sauraro, iska na kaɗa mayafinta. Can ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashinsa.

"Ya yi kama da na kalandar?"

Ya buɗe baki, hawaye suka riga maganar fita.

"Gaya mini yadda yake," ta ce. "Amma wannan karon ka gaya mini gaskiya."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin kaɗai ke ɗaukar nauyinsa ba, har da wanda ya dogara da shi. Layin da Malam Ƙa'ida ya raina na safiya ɗaya ne, kiran da ya ƙi yi na minti ɗaya ne, amma sun ci idon da matarsa ta rage da shi. Wanda ya ajiye aiki ya ajiye kujerar tare da aikin, ya bi layi kamar kowa, ya bar wani abu a hannu saboda ranar da ba ta sallama. In ka yi kuskure ka faɗa tun ana iya gyarawa, in kana da buƙata ka nemi ɗan'uwanka tun da sauran lokaci. In kuma yau kai ke rubuta wa mutane doka, ka bar ƙofar tausayi a jikinta, domin wata rana kai ne za ka tsaya a bakinta kana ƙwanƙwasawa.