Allon da Sharif ya tumɓuke

Akwai mai karanta wannan da abincin kwanon maƙwabcinsa ya fi yunwar cikinsa damunsa. Ya san kansa. Da shi nake.

Akwai wani birkila a Garoua, Sharif, shekara ashirin yana riƙe da cokalin gini. Suna gina ajujuwan makarantar gwamnati. Da yake kuɗin jama'a ne, sharaɗin kwangilar ya ce a kafa allo a bakin wurin aiki, a rubuta mafi ƙarancin ladan yini: sefa dubu huɗu.

Sharif dubu biyar yake karɓa. Landry, manomin da ya sauko daga kan duwatsu bayan girbi yana tura baro, dubu huɗu. Abin ya tsaya wa Sharif a wuya.

"Patron," ya ce wa ɗan kwangilar, "mai tura baro, dubu ɗaya ce kawai tsakanina da shi? Ba shi biyu, wallahi har godiya zai yi."

"Allon fa?"

"Bar ni da allo."

Ya tumɓuke shi, ya ɗora kan durom biyu, ya mayar da shi katakon da yake takawa yana jera bulo.

Ranar Asabar aka biya Landry a kan dubu biyu a yini. Ya ce, "Yaya Sharif, laifin me na yi?"

"Tambayi baronka."

Har tsire Sharif ya saya ranar don murna.

Bayan mako biyu patron ya same shi a kan katakon. "Na samu birkilolin da za su yi a uku. Ko ka karɓa, ko ka ɗauki cokalinka."

Baki bakwai ke jiran Sharif a gida. Ya daka tsawa: "Sharaɗi ya hana! A rubuce yake!"

"A ina?"

Sharif ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa. Siminti ya bushe a kan rubutun, ko harafi ɗaya ba ya fita.

Landry ne ya durƙusa da guntun ƙarfe ya fara kankarewa. "Sa hannu, yaya, amma a hankali. Huɗun nan da ta tare ni, ita ce ta tare ka."

Washegari allon ya koma mazauninsa, ma'aikata suka tsaya a gindinsa. Babu wanda ya taɓa bulo sai da patron ya dawo kan abin da ke rubuce.

Darasi: Wanda ya sa aka rage hakkin na ƙasa da shi, nasa ya buɗe wa ƙofa. Ku tura wa abokan aikinku. Kai kuma da ka taɓa raɗa wa maigida "ai ya yi masa yawa", fito ka ce ƙarya nake.