Masallatan Taimama Uku

Tun zamanin da dajin Marke bai san gatari ba, aka yi wani maharbi mai suna Mantau. Dogo ne, mai zafin zuciya, kuma an ce ɓauna kan sauya hanya in ta ji warinsa. Ana yi masa kirari da Mantau na Tasalla, kibiya ɗaya gawa ɗaya! Tasallar nan uwarsa ce, tsohuwa makauniya, ita kaɗai ce duk duniya ke daka masa tsawa ya yi shiru.

Sai fari ya sauka. Damina ta ƙi zuwa shekara bayan shekara, rijiyoyin ƙauyensu suka ƙafe, namun daji suka gudu. Mantau ya goya uwarsa, ya rataya gorar ruwa, ya nufi kudu. Sauran mutanen da ke iya tafiya suka bi shi. Shi dai burinsa ɗaya ne, kada ƙishirwa ta kashe masa uwa a gadon bayansa.

A kan wani tudu tsohuwa ta ce ya sauke ta, azahar ta yi.

Ya ce, "Inna, ruwan gora ya kusa ƙarewa, ke kuma ta salla kike?"

Ta ce, "Da ruwa na ce ka yi? Ga ƙasa nan, ba ta ƙafe ba."

Yana huci ya jera duwatsu kamar yadda maharba ke shata wurin salla a daji, suka yi taimama. Waɗanda ƙafarsu ta gaza suka zauna nan cikin da'irar duwatsun, ya yi musu alkawarin komowa da ruwa, alhali bai san inda ruwan yake ba.

A zango na biyu gora ta ƙare ƙaf. Ya sari kuka, ya tarar cikinta ya bushe. Ya tono saiwa, ta fito kamar kirare. Mutumin da giwa ba ta firgita ba ya koma bayan dutse ya yi ta kuka, ko hawaye babu. Duk da haka tsohuwa ta sa ya sake jera duwatsu, nan ma wasu suka zube.

Da suka gangara wani kwari, Tasalla ko hannu ba ta iya ɗagawa. Ya jera duwatsun ba tare da ta ce ba, ya buga tafinsa a ƙasa, ya shafa mata a fuska.

Da ƙyar ta ce, "Ɗan nan, sake."

Ya sake.

"Hannunka da sanyi. Kai mai idon ba ka ji ba? Tona wurin."

Mantau ya kama tono da wuƙarsa. Da ta karye ya ci gaba da yatsu har faratansa suka ɓaɓɓalle, yana kira, "Inna, jira ni! Don Allah jira ni!" Ƙasa ta yi duhu, ta zama laka, can sai ruwa ya ɓulɓulo. Ya cika tafinsa ya ruga, ya tarar rai ya yi halinsa. Ruwan farko na rijiyar nan, da shi aka yi mata wanka.

Bai zauna makoki ba. Ya cika gora ya koma zango biyun da ya bari, ya yi ta jigilar ruwa har damina ta dawo. Wuraren nan uku suka zama garuruwa, aka gina masallaci a kan kowace da'irar duwatsu, kuma duka ukun sunansu Masallacin Taimama. Baƙo yakan ɗauka rashin suna ne ya sa, sai ya ji labarin, sannan jikinsa ya yi sanyi.

A masallacin da ke cikin kwarin, har yau akwai wuri kusa da rijiya, inda Tasalla ta cika, da ba a taɓa daɓewa ba. Kowace safiya, duk wanda ya riga kowa jan ruwa, komai ƙishirwarsa, ba ya kai guga na farko bakinsa. A kan ƙasar nan yake juye shi, ya ce, "Ga shi, Inna, ya iso."