Mujallar da Ta Fara Daga Baya

Akwai wani injiniyan kwamfuta a Riyadh mai suna Saifuddeen. Lokacin da intanet ke sabon shigowa, ƙungiyar 'yan Najeriya ta yanke shawarar fitar da mujallar Hausa, a saka a intanet, a kuma buga a takarda saboda direbobi da leburori. Aka ce in fitowar farko ta yi kyau, shi ne edita. In ba ta yi ba, a ba wani.

Sai aka haɗa shi da Baba Idrisu, wanda ya shekara ashirin yana aikin ɗab'i a unguwar Gubaira.

Baba ya ce, "Injiniya, bari in raka ka wurin bugu. Masu ɗinkin littafi a nan suna da nasu hali."

Saifuddeen ya dubi tawadar da ke yatsunsa ya ce, "Baba, wannan aikin ilimi ne. Je ka wanke hannunka."

Shi kaɗai ya kai aikin wata maɗaba'a, ya ce, "Yalla, maza ku buga." Su kuwa suka ɗinke mujallar ta dama, yadda suka saba ɗinke littafin Larabci, sai baya ya koma gaba.

Ranar ƙaddamarwa a unguwar Suwaidi, shugaban ƙungiya Alhaji Badamasi ya sha babbar riga, ya ɗaga mujalla don jama'a su ga hotonsa a gaba. Abin da suka gani tallar maganin basir ce. Hotonsa na can baya.

Ya ce, "Injiniya, basir ne a gaba, ni a baya?"

Saifuddeen ya ce, "Ranka ya daɗe, a intanet daidai take."

"To ɗauko intanet ɗin mu raba wa mutane."

Alhaji na shirin naɗa wani edita, Baba Idrisu ya miƙe. "A bar masa. Ni ban iya kwamfuta ba, shi bai iya takarda ba. Ya zo mu warware, mu ɗinke ta hagu."

Kwana huɗu Injiniya na durƙushe a Gubaira, dumu-dumu da gam da tawada, har suka gama guda ɗari uku. Ya miƙa hannu zai yi godiya.

Baba ya ce, "Edita, fara wanke hannunka tukuna."

Darasi: Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kada bokonka ya sa ka raina mai sana'ar hannu, don ranar kunya shi zai rufa maka asiri. Ku tura wa masu girman kai, kun san su.