Ƙaro, Azurfa da Ruwan Gwanda

Ranar Litinin da hantsi likita ya ja Dakta Barira gefe, ya gaya mata ran Alhamis za a yanke ƙafar Farfesa Tukur. Ciwon suga ya ci masa dunduniya, gyambon kuma ya daina jin kowane magani.

Farfesan nan shi ya koyar da Barira da Sha'aibu da Ladidi, shi ya haɗa su a ɗakin bincike ɗaya suna neman maganin gyambo. A kan ɓeraye kaɗai suka taɓa gwada shi. Asibiti ya amince su gwada, tunda babu sauran dabara.

"Ku shafa min abinku," in ji tsohon. "Ko ɓera ya fi ni daraja ne?"

Barira ta so ta yi dariya, ta kasa. Ta san ba su taɓa haɗa abin da ya wuce cokali ba, dunduniyar mutum kuwa sai kofi.

Sha'aibu ke da azurfa. Yakan mai da ita ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, su ke kashe cutar. Da ya haɗa da yawa sai ta dunƙule ta yi baƙi. Ya zubar, ya sake, yana ɗiga ta ɗigo-ɗigo yana juyawa a tsaye, har ƙafafunsa suka kumbura, kafin ta fito ruwan ɗorawa yadda ake so.

Ladidi ke da sinadarin da ta tace daga ruwan ɗanyar gwanda. Shi ke cinye mataccen nama, ya buɗe wa azurfa hanya, amma zafi na kashe shi. Ran Talata da azahar aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi. Ta rungumi kwalbar sinadarin a cikin kula mai riƙe sanyi, ta hau acaɓa tana bin masu ƙanƙara, har ta samu.

Sai dai in biyun suka haɗu, azurfa na lalata sinadarin. Ƙaron da Barira ta dama shi ke riƙe kowanne daban, yana sakinsu a hankali. Ba ta yarda da kaurinsa ba, sai ta kankare fatar hannunta ta shafa. Haɗin farko ya ƙone ta, tabon na nan har yau. Na biyu bai ƙone ta ba, shi aka kai wa Farfesa.

Ran Alhamis a ɗakin tiyata likita ya kwance bandejin, ya daɗe yana dubawa.

"A mayar da shi ɗakin jinya, an fasa yankan," ya ce.

Har yau Farfesa yana ɗingishi, amma da ƙafarsa yake tafiya.

Yanzu za a buga binciken. A al'adar masana, wanda sunansa ya zo farko a takarda shi ake kira mai aikin, sauran a ce "da abokansa". Farfesa ya ce a cire nasa.

To, Sha'aibu, Ladidi ko Barira, sunan wa za a fara rubutawa?