Dillalin da Ya Bar Ƙofar Baya a Buɗe

Akwai wani dillalin gidaje da ake yi wa laƙabi da Yanzu-yanzu. Sunan ya bi shi ne saboda duk abin da aka ce a bari sai gobe, sai ya ce, "Gobe ta Allah ce, mu yi yanzu-yanzu." Mutum ne mai kazar-kazar da daɗin baki, irin wanda zai sayar maka da kango ka tafi kana yi masa godiya. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma mugu ba ne, sai dai ba shi da haƙuri ko na anini. Idan kana yi masa bayani, kafin ka kai rabi ya ce ya gane, alhali bai ji komai ba.

Wata rana wani mai gida da ke zaune a wani gari ya ba shi gidansa ya sayar, ya haɗa masa da makulli na biyu. Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo da kicin, da ɗan fili a baya mai ƙofar ƙarfe da ke fita wani lungu. Akwai 'yar haya a ciki, wata malamar firamare, ita da mahaifiyarta, kuma wa'adin hayarta bai cika ba.

Ranar da ya fara zuwa ya tarar da Malama ta dawo daga makaranta. Bayan sun gaisa ya faɗa mata abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Mai gida yana da ikon sayar da abinsa, ban hana a zo a duba ba. Amma don Allah, Malam, ka riƙa sanar da ni tun ana gobe, kuma a zo lokacin da nake nan. Har yanzu ina cikin wa'adina. Sannan mahaifiyata tana da wata lalura, wato ita..."

"Na gane, na gane, Malama," in ji shi. "Allah ya ƙara wa Inna lafiya." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya haye babur ɗinsa. A hanya yana ta mita a zuci: 'yan haya da iyayi! Gidan wani, amma sai ka ce ita ta ɗora tubalin farko.

Ba a daɗe ba ya samu mai saye, wani ɗan kasuwa da ya zo da matarsa. Da hantsi suka same shi, suka ce da yamma za su bar gari, in ba su ga gidan yau ba to sun haƙura. Yanzu-yanzu ya kira Malama sau ɗaya. Tana cikin aji, ba ta ɗauka ba, shi kuma bai sake kira ba. Ya taɓa aljihunsa ya ji makulli, ya ce su tafi.

A bakin ƙofa matar ɗan kasuwan ta ja baya ta ce, "Matar gidan ta san za mu zo kuwa?"

"Ta sani mana, Hajiya, ita ma ta ce mu shiga," in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba.

Suna shiga suka ga wata tsohuwa zaune a falo, tana ninke wani ɗankwali tana warwarewa. Ta ɗaga kai ta yi masa murmushi.

"Ka zo kai ni gida?" in ji ta.

Ya yi dariya. "Ai kina gida, Inna. Yi zamanki, yanzu za mu fita."

To, dillalai suna da wata dabara. Ba sa nuna gida a rufe. Sai sun yaye labule, sun buɗe tagogi da duk wata ƙofa, don haske ya shigo, iska ta ratsa, ɗan ƙaramin ɗaki ya koma kamar fili. Yanzu-yanzu gwani ne a wannan. Ya bi ɗaki-ɗaki yana buɗewa. Da ya zo ƙofar kicin mai fita baya, sai ya ga an kafa sakatarta can sama kusa da rufi, inda hannu ba ya kaiwa. Ya yi tsaki, ya jawo kujera ya taka ya zare ta. Ƙofar ƙarfen da ke fita lungu ita ma haka ya same ta, ita ma ya zare. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da zai sa mutum ya kai sakata can sama ba.

"Kun gani? Ƙofa biyu! Ku shiga ta nan, ku fita ta can, kasuwa kuma ga ta a bayanku."

Matar ɗan kasuwan ta ga kayan mata a kan igiyar shanya, ta ga magunguna jere a kan tebur, kunya ta kama ta, ta fice ta jira a mota. Mijinta kuwa gida ya yi masa, ya ce su je su ƙarasa magana a waje. Murna ta cika Yanzu-yanzu. Ya kulle ƙofar gaba, ya girgiza ta ya tabbatar ta kullu, ya bi su da sauri. Ta baya ko tunawa da ita bai yi ba.

Bayan azahar yana zaune a ofishinsa sai ga kiran Malama.

"Kai ne ka shiga gidana?"

Ya buɗe baki zai musanta, ta riga shi. "Maƙwabciyata ta gan ka. Ita ke leƙa min Inna da rana. Ta shiga ta tarar da ƙofar baya a hangame. Inna ba ta nan! Ba ta nan, Malam!"

"Ƙila ta je maƙwabta ne..."

"Wane maƙwabta? Rikicewar tsufa ke damunta! Ba ta san sunan unguwar nan ba, wata rana ni kaina ba ta gane ni. Kullum gidan da aka haife ta take nema, gidan da aka rushe tun ina yarinya. Shi ya sa na kai sakata sama. Abin da na so in faɗa maka ke nan ranar, ka ce ka gane!"

Ya haye babur ɗinsa ya nufi gidan a guje.

Ya tarar da mutanen layin sun fito. Malama tana tsaye ba takalmi, alli bai ma fita daga hannunta ba. Wani maƙwabci ya ci kwalarsa, Malama ta ce, "Sake shi. Yau ko idon maƙiyi ina buƙata." Aka rarrabu, kowa ya kama hanya.

Yanzu-yanzu ya bi lungun. Lungun ya kai shi kasuwa, kasuwar kuma ta ɓulle babban titi, inda manyan motoci ke wucewa ba sa ko rage gudu. Ya tambayi mai aski, ya ce ya ga wata tsohuwa da ɗankwali a hannu, ta yi gabas. Ya tambayi mai sayar da lemo, ta ce tsohuwar ta tambaye ta hanyar gidan babanta, ita kuma ta ɗauka wasa take yi. Kowa ya gan ta, babu wanda ya tsayar da ita.

Can ya hango taro a gefen titi, mutane sun yi da'ira suna kallon ƙasa. Ya riƙa salati yana matsawa a hankali, ya riga ya ga gawa a ransa. Da ya kutsa sai ya tarar buhun kaya ne ya faɗo daga mota ya fashe. Ya durƙusa a wurin, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

Waya ta yi ƙara. Ɗan kasuwa ne, yana so a ƙulla ciniki. Ya kalle ta har ta tsinke. Ta sake ƙara, wannan karon mai gidan ne, labari ya riga ya kai masa.

"Makulli na ba ka don ajiya, ban ce ka faɗa wa mutane gida ba," in ji shi. "Ni da na gina shi ma ba na shiga sai da izininta. In wani abu ya samu matar nan, babu hannuna, kai ka sani."

Rana ta yi sanyi, inuwa ta fara tsawo, ba a gan ta ba. Tsoro ya gama cinye shi. Duk ƙarar birki da ya ji sai ya waiwaya da sauri. Ya shiga asibitin da ke kusa ya tambaya ko an kawo wata tsohuwa, aka ce a'a, ya rasa ko murna zai yi ko kuka. Ya tuna tasa mahaifiyar, ya tambayi kansa abin da zai yi wa mutumin da ya shiga ɗakinta ba sallama ya bar ta ta ɓata. Amsar da ya ba kansa ta ƙara firgita shi.

Gab da magariba wani mai faci a bayan tashar mota ya ji nishi daga cikin babbar magudanar ruwa. Ya yi kururuwa. Yanzu-yanzu yana kusa, shi ya fara dira ciki. Ga ta kwance cikin taɓo da shara, ƙafa ɗaya ta juye yadda ƙafa ba ta juyawa. Tana numfashi. Ya tallafo kanta, ta buɗe ido ta kalle shi.

"Kar ka gaya wa babana na ɓata zanena," in ji ta a hankali. "Zai yi faɗa."

Nan ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Likita ya ce ƙashin ƙugunta ya karye, kuma da shekarunta da raunin jikinta, da wuya ta sake taka ƙasa. Haka kuwa aka yi. Mai gidan ya aiko aka karɓe makullinsa. 'Yan sanda suka kira Yanzu-yanzu ya amsa tambayoyi kan shiga gidan mutane ba izini. Labari ya bazu, masu gidaje suka riƙa janye gidajensu daga hannunsa, 'yan haya kuma da sun hango babur ɗinsa sai su rufe ƙofa. Duk wannan bai dame shi ba kamar fuskar tsohuwar, wadda ta hana shi sakat.

Bayan an sallamo Inna ya yi ta maza ya je gidan. Wannan karon ya ƙwanƙwasa, ya tsaya ya jira. Malama ta buɗe, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta bayanta yana hango gadon da aka shimfiɗa a falo.

Ya durƙusa. "Malama, ki yafe min don Allah. Na zo da kafinta, yana waje. Zai ƙara sakata, ya sa kwaɗo mai ƙarfi a ƙofar baya, duk ni zan ɗauki nauyi."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Sallami kafintanka, Malam," in ji ta. "Yanzu ko ƙofofin duniya duka aka bari a buɗe, Inna ba za ta iya fita ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gini na mai gida ne, amma muddin ɗan haya yana cikin wa'adinsa, sirrin gidan da kwanciyar hankalinsa nasa ne. Riƙe makulli ba izinin shiga ba ne. Mai gidan da zai sayar, da dillalinsa, da mai saye, wajibi ne su sanar tun da wuri, su nemi yarda, su zo lokacin da mazaunin gidan ya amince, su kuma bar komai yadda suka same shi. Ɗan haya shi ma kada kunya ta hana shi tsayawa kan haƙƙinsa. Idan kuma wani yana yi maka bayanin gidansa, ka saurare shi har ƙarshe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cinikin da ya wuce ana samun wani, amma akwai ɓarnar da gaggawa ke yi wadda da-na-sani ba ta gyarawa.