Mai Aski Ɗaya Ne a Layin Famfo

Akwai wani ma'aikacin ƙaramin asibiti da ake kira Ɗan Kwamfuta. Shi ke ajiye bayanan marasa lafiya. Yatsunsa kamar walƙiya, girman kansa kuwa ko ƙofar ofis ba ya wucewa sai a karkace.

Wata rana kwamitin unguwa ya nemi bayanin cututtukan da ke yawo, don a nemo allurar rigakafi. Aikin alheri ne. Gogan naka ya share sunaye da lambobin waya, ya bar shekaru, sana'a da layin da mutum yake.

Babbar nas ta leƙa ta ce, "Ɗana, cire sana'a da layin nan. Adadi kawai suke so."

"Haba Anti, ba suna fa! Ko boka ba zai gane ba."

"Bakin unguwa ya fi boka."

Ya yi dariya, ya tura wa guruf ɗin kwamiti na waya, ko karantawa bai yi ba.

Lamba ta sha bakwai a jerin: namiji, shekara hamsin da biyu, mai aski, Layin Famfo, ciwon hanta.

To jama'a, mai aski nawa ne a Layin Famfo? Ɗaya tal. Kawun Ɗan Kwamfuta ne, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya lallaɓo gwaji ranar da yaron ba ya aiki, don kada dangi su sani.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Kowa sabuwar reza kawu ke sa masa, amma wa ya tsaya tambaya? Bencin shago ya koma wurin kwanan kyanwa. Masu zuwa gwaji ma suka ɗauke ƙafa, kwamfuta ta zauna ba abin da za ta ci.

Bayan wata biyu Ɗan Kwamfuta ya iske kawu yana kwance madubi daga bango. Ya durƙusa.

"Kawu, wallahi na goge sunan..."

"Tashi, ɗan 'yar'uwata. Shekara talatin mutane na cire mini hula. Na ga sanƙo, na ga ƙwarƙwata, na ga tabon duka. Ka taɓa jin na wani a bakina?"

Ya miƙa masa madubin. "Riƙe. Ni na gama da shi."

Darasi: Goge suna ba shi ne rufin asiri ba. In bayani zai nuna mutum ɗaya da yatsa, a mayar da shi adadi kafin ya fita. Ku tura wa duk mai riƙe da bayanan marasa lafiya.